Ƙarar Tayar Baya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:40 na yamma

Tashi 6:00 na safe. Isa 11:19. Dawowa tasha 6:52.

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta lokacin tashi da na isa a irin wannan littafi, ban taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba. Yau na ƙara, don na makara da minti goma sha tara kuma ba ni da wanda zan faɗa wa dalili. Ni ne fa wanda duk tashar nan ke kira Agogo. Mai shayin bakin gada ya taɓa cewa da wucewar motata yake sanin lokacin sauke tukunya.

Na tsaya sau uku a hanya. Tun bara abin ya faro, amma da ina iya daurewa har zangon tsakiya inda kowa ke sauka. Yanzu ba na kaiwa. Ga shi tun watan jiya kamfani ya liƙa wa kowace bas wata 'yar na'ura mai kai tsegumi ofis, inda ka tsaya da mintin da ka yi. Duk tsayuwar da ba ta cikin tsari sai ka rubuta dalilinta a takardar tafiya. Na daɗe riƙe da biro ina kallon layin. Daga ƙarshe na rubuta: "Ƙara a tayar baya."

Taya lafiyarta lau. Nan ne dai kaɗai wurin da mutum mai shekara sittin da biyu zai tsuguna da sifana a hannu, fasinja arba'in su ɗauka aiki yake yi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Yau ba tafiya, mota na gareji.

Mai Kunne ne ya karɓe ta. Shi ne babban bakanikenmu, kuma babu bas ɗin da ke fita sai da sa hannunsa. Sunan ya samo shi ne don in mota ta shigo ƙofa, kafin direba ya kashe inji ya riga ya faɗi ciwonta. Shekara ashirin da bakwai muna tare. Shi ya kai Hajiya asibiti ranar da za ta haifi autarmu, ina can kan hanya.

Ya zagaya tayar, ya buga ta da guduma, ya kara kunne.

"Agogo, wace irin ƙara ce? Gurnani take ko kuka?"

Na ce, "Tsakani."

"In ka taka birki take zuwa, ko in ka sake shi?"

"Ba ta da lokaci."

Ya dube ni, ya dubi tayar, ya ce a kawo jak. Wuni guda ya yi a kanta. Ya ciro boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya wanke da fetur, ya ɗaga shi yana juyawa a hasken rana, ya cika shi da sabon giris ya mayar. Ni kuwa ina zaune kan benci ina ba shi shawara. Allah ya yafe mini, har da cewa ya duba noti na uku.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5:10 na asuba

Sau biyar na tashi zuwa banɗaki daren jiya. Kowane zuwa tsayuwar ta fi abin da aka samu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 8:00 na yamma

Na samo dabara. In ba a zuba ba, ba abin da zai nemi fita. Na daina shayin safe, gorar ruwan da Hajiya ke sa mini a jaka kuma ina dawowa da ita yadda take.

Yau ta ɗaga gorar ta jijjiga.

"Malam, raƙumi ka koma?"

Na ce sanyi ake yi, ƙishi ba ya damuna. Ta ce ita dai a garin da take zufa ake yi. Sannan ta ce ƙofar banɗaki na neman mai, don kukanta ya hana ta barci kwana da kwanaki. Shekara talatin da shida da aure, na san in Hajiya ta yi maganar ƙofa ba ƙofar take nufi ba. Na tashi na ɗiga wa ƙofar mai.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Dabarar ba ta yi ba. Kaina na sarawa, bakina ya bushe, kuma duk da haka na tsaya sau biyu. Abin da ya fita ɗan kaɗan ne, ja-ja, da zafi.

"Ƙara a tayar baya." Karo na biyu.

Akwai wani dattijo da ya faɗo mini a rai yau. Zai kai shekara ashirin da faruwar abin. Ya taso daga kujerar baya yana dafa kawunan kujeru, ya zo daidai kunnena ya ce, "Ɗana, don girman Allah ka ɗan tsaya." Na ce masa, "Baba, saura minti arba'in, wannan mota ba a tsayar da ita." Har na yi alfahari da maganar a tasha, aka yi dariya. Da muka isa sai da kowa ya sauka sannan ya sauko, ya rufe gabansa da jakarsa. A lokacin cewa na yi ya ɓata mini kujera.

Ban san sunansa ba. Yau na yi masa addu'a.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Mai Kunne ya sake kwance ta. Wannan karon bai tambaye ni komai ba. Ya sa sabon boris, ya sa hannu a takarda, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Me ya sa ba zan buɗe baki ba? Na tambayi kaina. Na farko, kamfani ba ya son direban doguwar hanya mai ciwo, kuma sabon Manajan nan yaro ne mai bin takarda layi-layi. Na biyu, Yaya, wana marigayi. Shi ma haka ya fara, da yawan tashi. Bai gaya wa kowa ba sai da ƙugunsa ya hana shi tsayuwa, muka kai shi, suka ce an makara, cutar kansa ce, ta riga ta shiga ƙashi. Wata bakwai ya yi. Muddin ban je an duba ni ba, babu wanda ya ce mini komai.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 9:00 na yamma

Na san dokar. Ina wurin ranar da aka karanta ta: in matsala ɗaya ta dawo sau uku bayan bakanike ya sa hannu, za a dakatar da shi a yi bincike. Na sani sarai, kuma jiya na rubuta karo na uku. Na ce wa kaina ai Mai Kunne ne, wa zai taɓa shi?

Manaja ya kira mu ofis da safe. Ya jera takarduna uku a tebur, ya jera sa hannun Mai Kunne a gefensu.

"Baba, ina ganin girmanka," in ji shi, "amma rayuka arba'in ke kan tayar nan kullum. Sau uku direba na kuka da abu ɗaya."

Mai Kunne ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kana da abin cewa?"

"Babu."

Manaja ya juyo gare ni. "Har yanzu tana yi?"

Na ce, "Jifa-jifa."

An dakatar da shi mako biyu. Ranar 28 mutanen babban ofis za su zo su zauna, in laifin ya tabbata a kansa sallama ce, saura shekara biyu ya yi ritaya. Motar kuma za a kai ta wani garejin waje a canza komai na ƙafar bayan.

Ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya wanke hannu da omo, a hankali, yatsa-yatsa. Da zai wuce ta gabana ya ce, "Sai mun haɗu, mutumina." Na ce, "To."

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ban je gidansa ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Mura ta kama ni. Na sayi ƙwayar mura a kemis, irin mai busar da hanci, na sha biyu, zan ƙara da safe. Gobe da motar aro zan fita. Ita ba ta da tarihin ƙara, ba ni da abin rubutawa. Saboda haka gobe ba tsayawa, ko me zai faru.

Yau ma ban je ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe, a gadon asibiti

Hajiya ta kawo mini littafin da tabarau. Ta ce gara in yi rubutu da in dinga kallon silin.

Jiya ban tsaya ba. Na cije, na matse, na kai su zangon tsakiya a kan minti. Na shiga banɗakin zango, na jira. Shiru. Na buɗe famfo, na jira. Ko ɗigo. Na ce in mun isa zai zo. Muka isa, bai zo ba. Mai hankali a nan zai nemi asibiti. Ni kuwa na ɗebi fasinja na juyo, don lokacin tashi ya yi.

Awa biyar ɗin dawowar nan ba zan iya rubuta su ba. Marata ta kumbura ta yi tauri har bel ɗin kujera ya gagara ɗauruwa. Kowane rami sai na ji shi har ƙwaƙwalwa. Zufa ta jiƙe mini riga, ina karanta duk addu'ar da na iya. Yanzu da nake kwance nake jin tsoron abin da na yi, da mutum arba'in a bayana.

Na shigar da mota tasha, na ja birkin hannu, na kasa saukowa. Mai gadi ne ya kira Hajiya, suka kamo ni kamar buhu zuwa tasi.

A asibiti wani nas, dattijo mai furfura, ya taɓa marar sau ɗaya ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun asuba. Ya girgiza kai, ya ja labule, ya sa mini roba ta gaba, mai haɗe da jaka. Kunyar da nake gudu shekara guda ta zo ta wuce cikin minti biyu, ban ma lura da ita ba. Da jakar ta fara cika, kuka na yi. Kukan daɗi, da hawaye, a gaban ƙato ɗan'uwana. Ya ce, "Yi abinka, Alhaji, duk haka kuke yi."

Bari in rubuta kalmar, tunda yanzu duk ɗakin nan sun gan shi a jaka. Fitsari. Fitsari ne ya hana ni sakat, ba taya ba.

Talata, ƙarfe 5:00 na yamma

Likita ya zo. Sa'an ɗana ne, amma bakinsa ba ya rawa. Da ya ji aikina sai ya ɗauki biro ya zana mini a bayan kati.

"Baba, ga mafitsara, tanki ke nan. Ga tiyon da ke fitar da ruwa. A wuyan tiyon akwai wani nama da ya zagaye shi, sunansa furostet, kowane namiji na da shi. In shekaru suka ja yakan girma, ya matse tiyon. Shi ya sa ake yawan zuwa, ake daɗewa, kuma tanki ba ya ƙarewa."

Na ce, "Kilif ɗin da ke ɗaure tiyon ne ya yi tsauri."

Ya ce, "Ka ma fi ni iya bayani."

Sannan ya yi mini wankin babban bargo, cikin ladabi. Hana kai ruwa kuskure ne, yana tsananta fitsari ya jawo ciwo. Riƙewa kuskure ne. Ƙwayar murar nan kuma ita ta ƙarasa ɗaure kilif ɗin, mai irin matsalata ba ya shan ta sai ya tambaya. Wato duk dabarar da na ƙulla da kaina, kowace ɗaya ita ce abin da bai kamata ba.

Ya ce zai duba da yatsa, ta baya. Na ce babu wata hanya? Ya ce akwai hoto kuma za a yi, amma yatsa na jin abin da hoto ba ya gani. Na juya na kalli bango. Bai kai ɗaura noti ɗaya ba aka gama.

Na tattara ƙarfin hali na ba shi labarin Yaya. Ya ajiye biro ya saurara har ƙarshe.

"Girma daban, cutar kansa daban," in ji shi. "Mafi yawan masu zuwa nan girma ne kawai. Naka na ji shi sumul, babu ƙulli, wannan alama ce mai kyau. Amma tunda ɗan'uwanka ya yi, ba za mu yi sakaci ba. Akwai gwajin jini, sai dai yanzu roba da kumburi za su ruɗa shi, sai nan da mako shida. Ko da an ga wani abu, wanda aka kama da wuri ana maganinsa. Yayanka makara ce ta cuce shi."

Na ji kamar an sauke mini injin mota daga ƙirji. Ba duka ba, amma an sauke.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ina gida. Hoto ya nuna ƙoda lafiya. Roba za ta yi mako guda, jakar na ɗaure a cinya, babbar riga ta rufe ta. Magani biyu: kafso ɗaya bayan abincin dare mai sassauta kilif, da wata 'yar ƙwaya mai rage girman naman, ita sai an yi watanni. Kafson yana iya sa jiri in an miƙe da sauri, don haka ba tuƙi sai an ga yadda ya karɓe ni. In magani ya gaza akwai aiki, ta hanyar fitsarin ake bi a kankare, ba a tsaga ciki.

Hajiya ta zama kwandasta. Da rana ruwa kofi bayan kofi, in magariba ta yi ta rufe tasha. Ta ce shekara guda tana jin ina sintiri tana jira in yi magana, har ta fara tunanin ko sai ta rubuto mini wasiƙa.

Na aika wa ofis cewa zazzaɓi ne.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Direban da aka ba motata ya zo gaishe ni. Ya kawo lemo da labari. Garejin waje sun canza ƙafar bayan gaba ɗaya, ya yi tafiya biyu da ita, ko ƙis bai ji ba.

"Ka ga ashe da gaske aikin Mai Kunne ne," in ji shi. "Tsufa ne, kunnen ya tafi. Manaja ya ce magana ta ƙare, ranar Juma'a sa hannu kawai za a yi."

Na ce lemon akwai zaƙi.

Wato kwanciyata ce ta zama shaidar da za ta kore shi. Ni na tafi, ƙara ta tafi. In na yi shiru babu mai ganewa har abada, in koma kujerata da maganina a aljihu.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 6:00 na safe

Barci ya samu, sau ɗaya ma ban tashi ba, roba na aikinta. Amma na farka da nauyin da ya fi na da.

Lahadi, ƙarfe 5:30 na yamma

Na gaya wa Hajiya. Tana tsince shinkafa a tire, na zauna na faɗa mata tun daga layin farko. Hannunta ya tsaya.

"Mai Kunne?"

Na ce shi.

"Wanda ya ɗauke ni a motarsa ina naƙuda?"

Na ce shi ɗin dai.

"Malam, ciwon nan ba kai ka ɗora wa kanka ba, ban ga abin kunya a cikinsa ba. Na wanke maka jakar nan da hannuna, ban ji komai ba. Amma wannan da ka faɗa yanzu, shi ne na ji kunyarsa."

Na ce in na faɗa za su karɓe mini doguwar hanya, wataƙila ma aikin gaba ɗaya.

"Su karɓa. Ka dawo gida mu ci abin da ya samu. Matarsa na gaishe ni a kasuwa, da wane ido zan dube ta?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ta sake kula ni ba sai da lokacin kafso ya yi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

An cire roba da safe. Nas mai furfura ya ba ni gorar ruwa da wani kofi mai layi-layi, ya ce in sha in jira, in ya zo in kawo masa shaida. Mu huɗu ne a benci, duk masu furfura, kowa da kofinsa. Da farko ba mai kallon wani. Can wani tela ya ce shi wannan zuwansa na biyu ne, wancan karon ya faɗi jarrabawa. Sai dariya ta ɓarke, hira ta buɗe. Wani tsohon malamin makaranta an yi masa aikin kankarewar bara, ya rako ƙaninsa ne, ya ce shi yanzu sai dai ya yi wa jikokinsa gori. Ashe muna da yawa, kowa na ɓoye wa kowa.

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma ya zo. Na shiga, na saki jiki kamar yadda aka ce, ban yi yunƙuri ba. Ya fito. Ba irin na saurayi ba, amma ya fito da kansa, da sautinsa. Na fito riƙe da kofi sama kamar wanda ya ci gasa, tela ya tafa mini.

Likita ya duba da na'ura, ya ce abin da ya rage a tanki kaɗan ne. In ci gaba da magani, in rage shayi, in na gama in ɗan jira in sake gwadawa. Na roƙe shi ya rubuta mini takarda, da sunan ciwon ɓaro-ɓaro. Ya ce yawanci roƙonsa ake ya sakaya. Na ce wannan ta musamman ce.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 8:10 na yamma

Hajiya ta goge mini farar riga ba tare da na ce ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na je. Ba a gayyace ni ba, na ƙwanƙwasa na shiga. Manaja da mutum biyu daga babban ofis a bayan tebur, Mai Kunne a kujerar gefe da hularsa a gwiwa. Ya rame.

Na shirya jawabi tun jiya, ya gudu. Na ajiye takardar Likita na ce, "Ranku ya daɗe, tayar nan ba ta taɓa yin ƙara ba. Fitsari ne yake matsa mini, nake tsayawa. Na ji kunyar rubutawa, na ɗora wa taya. Sau uku na yi ƙarya, mutumin nan bai yi kuskure ko ɗaya ba."

Ɗaya daga cikin baƙin, mai furfura a gemu, ya ɗauki takardar ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba.

Manaja ya ce, "Baba, da ka zo ka faɗa mini, tsayuwa ɗaya zan ƙara maka a tsari. Layi ɗaya ne a takarda."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo, don na ga da gaske yake.

Sun fitar da mu, suka kira mu bayan rabin awa. Mai Kunne ya koma aiki ranar Litinin, za a rubuta masa takardar ban haƙuri. Ni dakatarwar wata guda saboda rahoton ƙarya da tuƙi cikin halin da na yi. In Likita ya yarda, zan dawo kan ƙaramar bas ta cikin gari. Doguwar hanya ta tafi ke nan.

Ba zan ɓoye ba, na ji zafi. Shekara talatin da ɗaya, na san kowane rami da kowace bishiya. Amma da na fito na ji iska ta shiga ƙirjina har ƙasa, rabon da in ji haka an daɗe.

Mai Kunne ya sa hularsa ya wuce, bai dube ni ba. Yana da gaskiya.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 6:15 na safe

Sau biyu kacal daren jiya. Ba jiri.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na je gareji da hantsi. Ba ni da aiki a can, amma akwai maganar da ba a faɗa a gaban tebur.

Na same shi cikin rami, ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kawai nake gani sai hasken fitila. Na tsuguna a baki na yi sallama. Ya amsa, bai fito ba. Hakan ya fi mini sauƙi. Na ce masa na zo neman gafara, na cuce shi, na zubar masa da sunan da ya yi shekaru yana ginawa, kuma na tsaya ina kallo.

Ƙarar sifana ta tsaya.

"Yaya jikin?"

Na ce da sauƙi sosai, an cire roba, saura gwajin jini.

"Ka je gwajin. Kada ka yi mini irin ta Yayanka."

Na ce zan je. Na ce amma bai ji abin da na faɗa ba ne? Ƙarya fa na yi a kansa.

"Agogo, ni na kwance tayar nan sau biyu. Kunne aka ce ina da shi, amma ai hanci ma Allah bai hana ni ba."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Tun kwancewar farko na sani. Boris lafiya lau, ƙara kuma ba ta zuwa sai inda daji yake."

"To me ya hana ka faɗa? A gaban Manaja aka tambaye ka!"

"In ce me? In ce abokina na fitsari a taya? Ba nawa ba ne in faɗa. Na so in same ka mu yi magana, sai na ga ko idona ba ka iya kallo. Na ce bari in ba shi lokaci, zai zo da ƙafarsa. Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne da na ji an kwashe ka zuwa asibiti. Ashe shirun nawa ma bai taimake ka ba."

Wata mota ta shigo, ta fita. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun ranar Juma'a.

"Da ban zo ba fa?"

"Da an kore ni mana."

Haka ya faɗe ta, kamar mai faɗin lambar noti. Sai hannunsa ya fito daga ƙarƙashin motar, baƙi ƙirin da giris, a buɗe.

"Miƙo mini sha bakwai, tana nan kusa da ƙafarka."

Na ɗauko na sa masa a tafin hannu. Ya haɗa da sifanar da yatsuna ya riƙe, ya ɗan jima bai saki ba.